Hoton Kaka Na Zamanin En'e: Yadda Za A Cece Shi Daga Bango Da Danshi Da Mantuwa

A gidan da aka taɓa yin hakimi, ko alƙali, ko ma'aji, ko wakilin doka a zamanin En'e, wato hukumar mulkin sarakuna ta wancan lokaci, da wuya ka shiga falo ko zaure ba ka tarar da hoton mutumin a rataye ba. Ga shi zaune kan kujera da rawani da alkyabba, dogari a tsaye bayansa, wani lokaci ga Bature Di'o, jami'in mulkin yankin, a gefe da gajeren wando. Yawancin irin waɗannan hotuna guda ɗaya tak ya rage. Mai hoton ya daɗe da rasuwa, shagonsa ya zama wani abu dabam, fim ɗin kuwa babu wanda ya san inda ya shiga. Abin takaicin shi ne, bangon da aka rataye hoton a kai don girmamawa shi ne wurin da ya fi saurin cinye shi. Duk bayanin da ke tafe ya tsaya kan ƙa'ida ɗaya: bango na kwafi ne, na asali wurinsa cikin akwati, a duhu, da sunan mai shi a rubuce.

A fara da tsofaffi

Takardar hoto za ta iya jiran wata shida. Gwaggo mai shekara 85 ba ta da wannan tabbacin. Saboda haka kafin ka taɓa firam, ɗauki hoton da waya yadda yake a bango, ka kai wa waɗanda suka rayu da mutumin: matansa idan da sauransu, ƙannensa, 'ya'yansa manya, tsohon direbansa ko wanda ya riƙe masa doki. Kunna rakodar waya, ka bar su su yi ta zuba.

Abin da ake nema shi ne sunan yanka da na mahaifi, laƙabi, da muƙamin da yake riƙe da shi a ranar da aka ɗauki hoton. Wannan na ƙarshe ake yawan kuskurewa, domin mutum ɗaya yakan fara da malamin haraji, ya zama magatakardan hakimi, ya sami sarauta, daga baya a ɗaga shi zuwa wata, iyali kuma su riƙa kiran kowane hotonsa da sarautarsa ta ƙarshe. A tambayi gundumar da yake aiki, da dalilin taron: naɗi ne, ko hawan salla, ko rangadi, ko bankwana da Razdan, Baturen da ke shugabantar lardi. Idan hoton taro ne, a bi mutanen daga hagu zuwa dama, sahu bayan sahu. A tuna da alkunya: matar marigayi ba za ta faɗi sunansa ba, sai dai "Malam" ko "Alƙali", uwa kuma ba ta kiran sunan ɗan fari. Sunan yanka a neme shi wurin ƙani ko aboki. A rubuta wanda ya ba da kowane bayani da ranar da ya bayar, kuma a raba abin da aka tabbatar da abin da aka ce "an ce".

Hoton da kansa yana ba da shaida kan shekararsa. A duba hatimin mai hoto a baya. Adireshin da ya ambaci Yankin Arewa na kafin 1967 ne, lokacin da aka yanka jihohi 12. Wanda ya ambaci Jihar Arewa Maso Yamma, ko Arewa Maso Gabas, ko Arewa Ta Tsakiya, tsakanin 1967 da 1976 yake. Sai dai mai hoto yakan ci gaba da buga tsohon hatimi shekaru bayan an sauya suna, don haka hatimi yana nuna inda za a fara lissafi ne kawai. Farashin da aka rubuta da fam da sule na kafin Janairun 1973 ne, kafin zuwan naira. Tutar Ingila a saman ofis tana nuna kafin 1 ga Oktoban 1960. Allon da ya ambaci En'e kuwa da wuya ya wuce 1976, shekarar da aka yi gyaran tsarin ƙananan hukumomi.

Me ke hannunka?

Tsohon hoto baƙi-da-fari hawa-hawa ne. Ƙasa takarda, samanta farin shafi, can sama kuma wani siririn danƙo da ake kira jelatin, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabba. Surar mutumin ƙananan ƙwayoyin azurfa ce da ke cikin wannan danƙon. Wanda ya gane haka ya gane dalilin kowace ɓarna. Jelatin yana shan laima ya kumbura ya yi danƙo, shi ya sa hoto ke mannewa da gilashi a damina. Yana bushewa ya tsuke a hunturu, shi ya sa hoto ke nannaɗewa ya tsattsage. Abinci ne ga fumfuna da kyankyaso da asu. Azurfar kuwa ba ta jituwa da hayaƙi da tururin sabon fenti da gurɓatacciyar iska: takan koma ruwan ƙasa, ko ka ga wurare masu duhu, kamar baƙar alkyabba, suna ƙyalli shuɗi-shuɗi idan ka karkata hoton. Wannan ƙyallin ba datti ba ne, azurfar ce ta taso sama. Wanda ya goge shi ya goge hoton.

Hoto mai launi, irin na shekarun 1970 da 1980, ya fi rauni nesa ba kusa ba, domin rini ne a cikinsa, ba azurfa ba. Rinin yana koɗewa ko a duhu, zafi kuma yana hanzarta shi, kuma launukan ba sa tafiya tare, shi ya sa za ka ga hoton ciyaman na farko ya koma ja-ja ko ruwan lemo. Idan lokaci ko kuɗi ya yi kaɗan, masu launi za a fara kwafewa, ko da na baƙi-da-fari sun girme su da shekara 30. Akwai kuma waɗanda aka ɗauka baƙi-da-fari mai hoto ya bi su da fenti da hannu, ya kore alkyabba ya ja hula. Su ko ɗigon ruwa ba sa so.

Cire shi daga firam

Kafin komai, haska tocila daga gefe ka duba ko hoton ya manne da gilashi. Alamarsa wurare ne masu kama da ɗigon mai ko jiƙaƙƙen tabo, galibi ta ƙasa inda laima ke taruwa. Idan ka ga haka, tsaya nan. Kada ka ja, kada ka zura reza, kada ka jiƙa shi bisa shawarar wani bidiyo. Fuskar za ta bi gilashin, a bar ka da farar takarda a hannu. A ɗauki hotonsa ta cikin gilashin, a ajiye su tare a kwance yadda suke.

Idan bai manne ba, shimfiɗa tsabtataccen tawul kan tebur, kifa firam ɗin, ka zare ƙananan ƙusoshin baya da filaya ɗaya bayan ɗaya. Ɗaga katakon bayan sama tsaye, kada ka ja shi gefe. Sau da yawa za ka tarar an cusa tsohuwar jarida ko kwali a tsakani. Duba kwanan watan jaridar ka rubuta, ka ɗauki hoton duk wani rubutu da ke jikin katakon, sannan ka raba su da hoton har abada, domin su ne ke fitar da tsamin da ya sa bayansa ya yi ruwan goro. Idan gilashin ya fashe, a tsince gutsattsarin sama-sama, kada a share su a kan fuskar.

Hannu a wanke da sabulu a bushe shi sarai, ba mai, ba turare, ba lalle sabo. Safar hannu ta roba irin ta asibiti marar hoda ta fi ta auduga, wadda zarenta ke kama tsagaggen gefe. A riƙe hoto ta gefuna, babba kuma a tallafe shi da kwali mai ƙarfi daga ƙasa.

Shara iyakarta ƙura. Sabon burushin kwalliya mai laushi wanda bai taɓa hoda ba ya wadatar, ana sharewa a hankali daga tsakiya zuwa gefe. Ba a hurawa da baki, saboda yawu. Ba ruwa, ba sifirit, ba kananzir, ba basilin, ba jiƙaƙƙen tsumma. Idan akwai fumfuna, a fita da hoton inuwa a waje, a sa takunkumi, a bari ya bushe sosai kafin a share, a kuma ware shi daga sauran. Jelatin ɗin da fumfuna ta ci yakan narke da zarar ruwa ya taɓa shi.

Wanda ya yage, a jera gutsayensa kan farin kwali a sa su cikin jaka ɗaya. Salatif yana rawaya, gam ɗinsa ya nutse cikin takarda ya bar tabon da ba ya fita. Wanda aka riga aka manna tun da daɗewa a bar shi, kada a ɓanɓare. Hoton da ya lanƙwashe kada a tilasta masa miƙewa cikin tsananin hunturu, zai tsage. A jira iska ta ɗan yi laima, a sa shi tsakanin fararen takardu, a ɗora littattafai 2 ko 3, a manta da shi mako uku. Dutsen guga ko kusa.

Sai babban abin da ya kamata a yi wa kashedi da babbar murya, wato laminatin. Mutane na kai hoton kakansu shagon kwamfuta a rufe shi da leda suna ganin gata suka yi masa. Injin yana narka gam ne da zafi a kan fuskar hoton, ba kuma ya komawa baya. Bayan 'yan shekaru ledar ta yi kumfa, laima ta shiga ta gefe ta kasa fita, kuma duk ranar da aka ce za a ɓare, da fuskar za ta taho. A yi wa kwafi laminatin ko sau goma ne. Na asali kada a kuskura.

Kwafewa

Sikana mai shimfiɗaɗɗen gilashi ake so. Ka je da hoton da kanka, ka tsaya a kansa, kada ka yarda a zura shi ta bakin injin da ke jan takarda, domin rodinsa na kankare fuska yana kuma yaga gefe. A goge gilashin a bari ya bushe tukuna. A saita 600 dpi, wato yawan ɗigon da injin zai ɗauka a kowane inci, ƙananan hotuna irin na fasfo kuma 1200. A zaɓi launi ko da hoton baƙi-da-fari ne, saboda tabo da launin tsufa suna taimakawa wajen gyara daga baya. A kashe duk wani gyaran kai-tsaye na injin. A adana a TIFF, nau'in fayil da ba ya rage ingancin hoto, sannan a fitar da JPEG, wanda ya fi ƙanƙanta, don rabawa. Hoto mai inci 4 da 6 a wannan saiti zai kai kusan megabait 26, don haka idan aka miƙo maka fayil mai kilobait 300, ba a yi abin da ka ce ba. A kwafi bayan hoton ma, ko da hatimi ne kaɗai a jiki.

Wanda ya fi ƙarfin sikana, ko ya manne da gilashi, waya mai kyamara mai kyau za ta yi. A shimfiɗa shi a inuwa da hantsi, kusa da ƙofa, ba cikin rana ba. A kashe filasha, a goge idon kyamara, a kafa wayar kan tarin littattafai ta fuskanci hoton sak daga nisan kamar santimita 40 zuwa 50, a sa ta jira daƙiƙa 3 kafin ta ɗauka don kada hannu ya girgiza ta. Idan gilashi na nuna inuwarka, sami baƙin ƙyalle ko baƙin kwali, ka huda rami daidai idon kyamara, ka ɗauka ta cikinsa.

Sunan fayil ya ɗauki shekara da suna da muƙami da gari, ba lambar da waya ta ba shi ba. A ajiye kwafi 3: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a wani faifai na daban, ɗaya a wajen gidan, ko a ma'ajiyar intanet kamar Google Drive ko wurin ɗan'uwa a wani gari. Filash kaɗai ba ajiya ba ce, tana ɓata tana kuma lalacewa ba sallama. Wajen tura wa dangi a WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, domin turawa ta hanyar hoto tana matse shi ta rage ingancinsa.

Manhajojin da ke "gyara" tsohuwar fuska su sa mata launi suna buƙatar taka-tsantsan. Ba sa dawo da abin da ya ɓace, ƙirƙira suke yi. Sukan ɗauki zanen fuska a matsayin tsagewar takarda su shafe, su gyara hanci, su mai da amawali gemu, su cinye kunnuwan rawani biyu waɗanda su ne shaidar gidan da mutum ya fito. Launin alkyabba kuma zato kawai suke yi. Wanda ke son wasa da su ya yi a kan kwafi, ya kuma rubuta a sunan fayil ɗin cewa gyararre ne, don kada jikoki su ɗauka haka kakansu yake.

Daga nan sai a wanko kwafi mai kyau a sa a tsohon firam ɗin a mayar bango. Baƙon da ya shigo ba zai bambance ba.

Ma'ajiyar na asali

Kowane hoto da gidansa. Mafi kyau jakar leda mai haske ta foliyesta ko folifurofilin; ta biyun ita ce za ka ga an rubuta PP ko lamba 5 a jikinta. A guji mai lamba 3, wato PVC, mai warin sabon takalmin roba da santsin mai, domin tana fitar da abin da ke lalata hoto har ta manne masa. Amma a ɗakin da ke da laima takarda ta fi leda, tunda tana numfashi. Idan ba a sami takarda marar tsami ta masu adana tarihi ba, sabuwar farar takardar A4 mai kyau a ninke ta biyu za ta riƙe, a riƙa sauya ta duk bayan shekara 2 ko 3. Ambulan ruwan ƙasa, jarida, kwalin taliya, kyauro, kilif da sitefula duk a nisanta su.

Albam mai shafi mai gam da leda a sama, wanda ya cika gidaje a shekarun 1980, yana barin layi-layi rawaya a bayan hoto. Idan hoton na ɗagowa da sauƙi a cire. Idan ya ƙi, a gwada zura zaren sakace marar kaki ta ƙarƙashin kusurwa ana ja a hankali kamar zarto. Idan ya ci gaba da gardama, a bar shi a kwafi shafin gaba ɗaya. Kafin a wargaza kowane albam a ɗauki hoton shafukansa, domin jerin da aka bi shi ma bayani ne.

Rubutu da fensir mai laushi, 2B, a gefen baya, kan tebur mai tauri, ba tare da dannawa ba. Biro yana huda ya fito ta fuska, tawadarsa kuma tana naso. Hotunan baya-bayan nan masu santsin roba a baya ba sa karɓar fensir, sai a rubuta a jikin takardar da aka ninke su ciki. Lamba kawai ma ta isa a jikin hoto, cikakken bayanin ya tafi littafi.

A jera su kwance, manya a ƙasa, kada tari ya wuce 20 zuwa 30, cikin akwatin roba mai murfi mai kamawa ko adakar ƙarfe marar tsatsa da aka shimfiɗa wa farar takarda. Abin da hoto ke so shi ne laimar iska tsakanin kashi 30 da 50 cikin 100, da sanyi gwargwadon hali. Daga kashi 65 zuwa sama fumfuna ke tashi. A ƙasar Hausa iska na wuce wannan a watan Agusta, ta kuma faɗi ƙasa da kashi 20 a tsakiyar hunturu, kuma wannan hawa da sauka ita ta fi komai gajiyar da jelatin. Akwati mai rufi yana rage ta, da sharaɗin ba a kulle jiƙaƙƙiyar iska a ciki ba. Don haka lokacin da ya dace a shirya akwatin a rufe shi ne bayan ɗaukewar ruwa, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Ƙaramin ma'aunin laima mai batir ba shi da tsada, a jefa ɗaya ciki. Idan ya nuna sama da 60, a sa ƙwayoyin silika masu tsotse laima, gram 100 zuwa 200 ga akwati mai lita 10, a ƙulle cikin ƙyalle kada su taɓa hoto. Idan sun ƙoshi a gasa su a oben kan digiri 110 zuwa 120 na awa 2 su dawo aiki. Da hunturu a cire su.

Wurin ajiya ɗakin tsakiya ne da ba ya shan rana, kan kanta, aƙalla santimita 15 daga ƙasa, nesa da bangon banɗaki da kicin da hayaƙin janareta. Saman wadirob a ƙarƙashin rufin kwano tanda ce da bazara. Ɗakin ginin ƙasa ya fi sanyi, amma a sa ido kan gara da yoyo. Turaren wuta yana barin maiƙo, kada a turara ɗakin akwati a buɗe. Maganin ƙwari a fesa a ƙasa da kusurwoyi, ba cikin akwatin ba, kafur ma a bar shi waje. Ɗakin da aka yi wa fentin mai a fitar da hotuna daga ciki na aƙalla wata guda da rabi. Iyalan da suka sauke hotuna daga bango saboda dalilin addini sun riga sun yi rabin aikin, abin da ya rage kawai kada a ƙona, a adana.

Idan ruwa ya ci akwatin, awa 48 ake da su kafin fumfuna ta kama. A raba hotunan tun suna jiƙe, a ɗauraye masu laka cikin ruwa mai tsabta mai sanyi ba tare da taɓa fuskar ba, a shimfiɗa su ɗai-ɗai fuska sama kan tawul a inuwa, fanka na kaɗawa daga nesa. Ba rana, ba wuta. Za su lanƙwashe, wannan mai sauƙi ne. Masu fentin hannu da masu tsohuwar fumfuna ba a ɗauraye su, shanyawa kawai.

Aro da gado

Hotunan da gara ta ci ba su kai waɗanda aro ya ci ba. Za a buga kalandar gida, ko littafin naɗin sarauta, ko fostar ɗan takara da ke son nuna kakansa, sai a zo a karɓi na asali "zuwa gobe". Mai buƙata a tura masa fayil. Idan ya dage sai na asali, ya zo da kyamararsa ya ɗauka a gabanka.

Wajen rabon gado ma haka tarin ke watsewa, kowane ɗaki ya ɗauki biyu-uku, bayanin ya rabu da hoton. Gara iyali su amince da mutum ɗaya mai riƙo da mataimakinsa, a rubuta a takarda, kowa kuma ya sami cikakken kwafi. Tunda mutumin ya riƙe muƙamin jama'a, hotonsa na da amfani ga masu bincike. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa reshen Kaduna, inda fayilolin lardunan Arewa na zamanin Turawa suke, wurare ne da za a iya tuntuɓa, ko don ba su kwafi, ko don neman takardun da suka ambaci naɗin mutumin da shekarun aikinsa. Idan za a ba da na asali, a yi rubutacciyar yarjejeniya da ta fayyace kyauta ce ko ajiya, a karɓi rasit mai jerin kowane hoto da lambarsa.

Akwatin kuma a buɗe shi sau 2 a shekara, ƙarshen Agusta da cikin Nuwamba. A shinshina ko akwai warin laima, a duba kusurwoyi ko akwai kashin kyankyaso ko hanyar gara, a karanta ma'auni. A ranar kuma a jona faifan ajiya a kwamfuta a buɗe fayil 5 ko 6 a ga suna buɗuwa, faifan da ya kai shekara 5 a kwashe abin cikinsa zuwa sabo.